Zuwa ga ɗana, kan injin yankan itacen da sarƙarsa ta tsaya

Agege, Legas.

Ɗana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da abokan aikinka can Ibeju-Lekki. Mu nan lafiya lau, sai godiyar Allah.

Ƙanenka ya isar mini da saƙonka: injin yana tashi, yana ruri, amma sarƙa ta ƙi motsi, har kana shawarar ka karyar da shi ka ciwo bashi ka sayi sabo. Ban lamunta ba. Injin da ya tashi ya yi ruri, cikinsa lafiya ƙalau ne. Fetur na zuwa, fulogi na kawo wuta. Ƙarfin yana nan, a hanya ne tsakanin kuloci da sarƙa wani abu ya tare shi. Hanyar nan kuwa gajera ce, kuma yawancin abin da ke toshe ta ba ya cin ko kwabo. Ka bi ta daga waje zuwa ciki.

Kafin komai, ka daina matsa totur. Na san halin matasa, in sarƙa ta cije sai a yi ta ba injin wuta ko za ta saki. Duk lokacin da ka yi haka kuloci ne ke gogar kwanonsa a tsaye. Cikin ɗan lokaci kwanon zai yi shuɗi don zafi, robar da ke gefensa ta narke, gyaran da bai kai komai ba ya koma na dubbai. Kashe injin, ka bari ya huce, ka cire hular fulogi, ka sa safar hannu. Haƙoran sarƙa ko a tsaye suke suna yanka.

Fara da birki. Garkuwar nan da ke gaban hannunka na hagu, in an tura ta gaba, wani siririn ƙarfe ne ke ɗaure kwanon kuloci tamau. Jijjigar bayan Keke Marwa kaɗai, ko reshe ya bugi garkuwar, ta isa ta danna shi ba ka sani ba. Jawo ta baya wajen mariƙi har ka ji ƙas. Tsofaffin manyan Stihl 070 da masu tsaga katako suka saba da su ba su da wannan birki, shi ya sa wasu dattawan aikin ba sa ma tunawa da shi, amma naka ƙarami yana da shi. Kuma in naka irin wanda birkinsa ke jikin murfin gefe ne, kamar Husqvarna da yawa da na Sin da aka kwaikwaya daga gare su, kada ka cire murfin birki na danne, mayar da shi zai ba ka wuya.

In ka saki birki, kama sarƙar ta sama ka ja ta zuwa hancin ƙarfen da take zagayawa. Wannan jan shi ne zai raba maka gardama. In ta ƙi tafiya a hannunka, laifin na sarƙa ne ko ƙarfenta. In ta tafi sumul amma injin ya kasa juya ta, kuloci za ka nufa.

A ce ta ƙi. Sassauta notin murfi, ka juya sukurun ɗauri baya kaɗan. Sarƙa tana miƙewa in ta yi zafi. Wanda ya ɗaure ta tsakiyar aiki, ya tashi bai sassauta ba, da ta huce sai ta tsuke ta shaƙe ƙarfen, har ta iya ja wa boris lahani. Ɗaurin kirki shi ne a sanyi ta kwanta a ƙasan ƙarfen ba ta lilo, amma kana iya jan ta da hannu. Ka ɗaga hancin ƙarfen sama yayin da kake ƙara ɗaure notin.

In sassautawa bai yi ba, sauke murfi, sauke ƙarfe da sarƙa, ka shimfiɗa su a kan buhu. A nan nake zaton matsalarka take, saboda irin wurin da kake aiki. Ƙasar Lekki zuwa Epe rairayi ne, itatuwan kuma kwakwa da kwakwar manja sun fi yawa. Waɗannan ba dusa suke fitarwa ba, zare ne mai jiƙa, yana naɗewa a bayan sifiroket, wato faifan nan mai haƙora da ke jan sarƙa, ya cure da mai da yashi. Ga damina, watan Yuni komai a jiƙe yake. In aka kwana biyu ba a wanke ba, curin ya bushe ya ƙanƙame, ruwan jikin itacen kwakwar da iskar teku kuma su ci ƙarfe, gaɓoɓin sarƙa su yi tsatsa su sandare. Samu siririn ƙarfe ka bi kwarin da sarƙa ke gudu a ciki tun daga hanci har gindi. Za ka ga baƙin abu na fitowa dunƙule-dunƙule. Juya ɗan tauraron da ke hancin da ɗan yatsa. In ya ƙi, jiƙa shi da kananzir ka yi ta motsa shi. In ya ƙi har yanzu, ko ka ji yana ƙaras-ƙaras, borisinsa ya tafi. Duba leɓɓan kwarin kuma. In itace ya taɓa danne maka ƙarfen kuka fizge shi da ƙarfi, za ka tarar da wurin da leɓɓan suka matse, sarƙa na zuwa nan ta cije. Ana buɗa shi a hankali da bakin sukundireba. Ƙarfen da ya lanƙwashe dai sai sabo.

Ita ma sarƙar bi ta gaɓa-gaɓa. In ta taɓa zamewa daga ƙarfen injin na gudu, ƙafafunta da ke shiga kwari sun daku, bakinsu ya yi kaushi. Goge su da zarto mai laushi har su shige ba gardama. In kuwa sabuwa ce ka saka, tabbatar awon tazarar gaɓoɓinta ɗaya da na sifiroket da na ƙarfe: akwai .325, akwai 3/8, akwai .404 ta manyan injina, kuma an buga awon a gindin ƙarfen. Mai shago zai ce maka duk ɗaya ne. Ba ɗaya ba ne. Je masa da tsohuwar a hannu.

Sai maganar mai, wadda nake so ka ji da kyau. Sarƙar da ba ta shan mai zafi take yi har ta kama. Ƙaramin ramin da ke gindin ƙarfen, ta nan mai ke shiga kwari, kuma shi ne farkon toshewa. Bayan ka haɗa komai, tada injin ka nuna hancin kan farin kwali ka ba shi wuta kaɗan. Ya kamata ka ga siririn layin mai ya fantsamu. Na sani daga cikin Legas har dazukan Epe mutane da yawa baƙin man da aka juye daga mota suke zubawa, wai araha. Man nan cike yake da garin ƙarfe, yana cinye famfon mai, yana kuma yi wa fata illa. Sayi man sarƙa. Man da ake haɗawa da fetur a tanki kuma, in mai kyau ne, mililita 100 a lita 5 ta fetur.

To, in sarƙa na tafiya a hannu fa? Kulocin injin nan ba shi da waya ko feda. Ƙarafa ne da sifirin ya riƙe. A silo suna tsuke, da injin ya ɗau gudu sai su buɗe su kama kwano, kwano ya juya sifiroket. In sun cinye, za ka ji injin na ihu sarƙa na tsayawa da zarar ta taɓa itace, da ƙaurin ƙarfe. In sifirin ya karye, sarƙa kan yi gudu ko a silo, ko guntun ya maƙale ya tsayar da komai. Cire kwanon ka duba cikinsa, ka duba ɗan borisin da yake juyawa a kai ka shafa masa giris. Haƙoran sifiroket in sun yi zurfin cin da ya wuce rabin milimita, canza shi. Ƙa'ida ma bayan sarƙa biyu ake canza shi. Kwance kulocin kansa kuma, zarensa na hagu ne, wato yadda ake ɗaure noti haka shi ake kwance shi. Injina da yawa sun mutu a hannun mai guduma da bai san haka ba. In ba ka da abin tokare fistan, kai wa makaniken da injin yankan itace ne aikinsa, ba mai gyaran janareto ba, ka tsaya a kansa, ka karɓi tsohon kayan da ya cire.

Abu ɗaya kuma: itacen bakin titi ko na cikin unguwa, ka ga takardar izinin LASPARK, hukumar lambuna da itatuwa ta jihar Legas, a hannun mai aikin kafin ka sa masa sarƙa, don in an zo kamu mai riƙe da injin ake fara damƙa.

Ka kira ni in ka sauke murfin, ka gaya mini abin da ka tarar a bayan sifiroket. Mahaifiyarka tana gaishe ka, ta ce kada ka taɓa kuɗin adashinka sai mun yi magana. Allah ya tsare, ya yi maka albarka.

Mahaifinka.