Wasiƙa zuwa ga Abba kan bashin waya

Assalamu alaikum. Abba, bayan gaisuwa, da fatan kai da mai ɗakinka kun saba da zaman Kaduna. Hajiyarku tana gaishe ku.

Kawunka ya shaida mini wai kana shirin cin bashi a irin manhajojin nan na waya, don ka tara kaya ka kuma biya talla a Facebook. Tun da na ji hankalina bai kwanta ba.

Kada ka ɗauka sabon salon nake ƙi. A da ɗan Kantin Kwari sai ya kama shago a layi mai jama'a, ya cika shi da kaya, ya zauna jiran baƙin Maraɗi da Njamena. Yanzu shagon ya koma cikin waya, kuma babban alherinsa shi ne ba sai ka tara kaya ba. A turo maka hoton turmi daga wurin dila, ka sa a WhatsApp, mai so ya biya, ƙaninka ya ɗauko ya kai tasha. To ina bashi ya shigo?

Abin da sana'ar ke nema kula ne. A ɗauki hoto a inuwa da hantsi, domin ƙwan lantarkin shago yana sauya launi, shuɗi ya fito kamar kore, mace ta karɓi kaya ta ce ba shi ta zaɓa ba. Ka rubuta yadi 6 ne, ga farashi, ga wanda zai biya kuɗin mota. Kada kaya su fita don ka ga saƙon alat ko hoton rasit, duka ana ƙirƙirar su. Buɗe manhajar bankinka ka ga kuɗin sun zauna. A tasha a karɓi lambar direba da ta mota, a ɗauki hoton ƙullin. Talla kuwa ka fara da kaɗan, kwana 3, gari ɗaya, ka ƙirga mutum nawa suka yi magana, nawa suka biya.

Amma bashin nan, Abba! Kafin su ba ka sisi sai ka miƙa musu lambar BVN, wasunsu har sai ka ba su izinin shiga duk lambobin da ke wayarka. Wasunsu tun a farko suke zare ladansu, ka karɓi ƙasa da abin da aka rubuta, wa'adi kwana 7 ko 14. Wace atamfa ce za ta juya a mako guda har ta biya wannan ruwan? Ranar da ka makara, saƙo zai tafi wa surukinka da limamin unguwa da matan da ke saye a hannunka, a kira ka ɓarawo, har da hotonka. Irin wannan cin mutuncin ne ya sa hukumar tarayya mai kare masu sayayya ta kai samame ofisoshin wasunsu a Legas a 2022. Kasuwar waya ba ta da ƙofa balle a ga fuskarka a tausaya, sunanka kaɗai ake saye da shi. Ga kuma riba, wato kuɗin ruwa, wadda ka san hukuncinta tun kana allo.

Har ka manta halin da gidan Baffanku ya shiga? Kana gani da idonka, ba labari aka ba ka ba. Na hana ka kuɗin shago bara, na san ka ji zafi, amma ban yi don ƙeta ba. Shi ne za ka tsallake ni ka kai ƙoƙon bararka wurin waɗanda ba su san darajar kowa ba?

Ka yi haƙuri da zafin maganata, tsoro ne ya kawo ta. In kaya kake so a hannu, ka zo ranar Asabar, zan ware maka turmi 20 masu tafiya, ka biya bayan ka sayar. In kuma ka riga ka sauke manhajar, goge ta yau. In har ka karɓi kuɗin, faɗa mini nawa ne kafin wa'adin ya cika, ba zan yi maka faɗa a gaban kowa ba.

Allah ya yi maka albarka.

Mahaifinka