A riƙa auna zafin ruwa a wuraren ninƙaya

Edita,

Assalamu alaikum. Ina koyar da ninƙaya a Kaduna, kuma yawancin ɗalibaina magidanta ne da likita ya umarta da motsa jiki saboda hawan jini ko ciwon gwiwa. Roƙona ga masu otal-otal da wuraren wanka shi ne su sayi ma'aunin zafi, su riƙa rubuta zafin ruwa a allo kowace safiya.

Da dama cikin ɗalibaina suna ɗaura agogon nan mai ƙirga bugun zuciya, wanda ke nuna wani adadi da ake kira HRV. Zuciyar mai lafiya ba ta bugawa daidai wa daida. Tazarar da ke tsakanin bugu da bugu tana ɗan ƙaruwa tana raguwa, kuma wannan bambancin ne agogon ke aunawa. Yawansa alama ce cewa jijiyar da ke lafar da zuciya tana aikinta. Yayin da mutum ke tsaka da motsa jiki sai bambancin ya ragu, idan ya huta ya dawo.

Ruwa yana shiga wannan lissafi sosai. Da zarar ka nutsa zuwa wuya, nauyin ruwan kan tura jini daga ƙafafu zuwa ƙirji, zuciya ta riƙa cika fiye da yadda ta saba. Sanyi a fuska kuma yana sa ta rage gudu. Shi ya sa a hunturu Alhaji zai fito yana haki, ya dubi agogo ya ga bugun bai hau ba, ya ce mini, "Malam, ai yau ban yi komai ba, bari in ƙara." Alhali ya yi, ruwan ne ya danne bugun.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne faɗawa ruwa mai tsananin sanyi farat ɗaya. Sanyin fata na ingiza zuciya ta yi sauri, sanyin fuska da riƙe numfashi na ja mata baya, kamar direban da ya taka totur da birki tare. A 2012 masana biyu na Ingila, Michael Shattock da Mike Tipton, sun yi bayanin yadda wannan karon zai iya rikita bugun zuciya.

Ruwan ɗumi ma ba abin sakewa ba ne. A watan Afrilu ruwan kan wuni a rana, jiki ya kasa fitar da zafi, bugu ya hau, bambancin tazarar ya faɗi, zuciya ta daɗe ba ta lafa ba bayan an fito. A 2010 gwanin ninƙaya na Amurka, Fran Crippen, ya rasu yana da shekara 26 a gasar kilomita 10 a Fujaira ta Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, cikin ruwa mai zafi. Bayan nan ne hukumar ninƙaya ta duniya ta kafa iyakar digiri 31 ga irin wannan gasa. A wurin wanka na gasa kuwa ƙa'idarta digiri 25 zuwa 28 ce.

In zakarun duniya na buƙatar wannan kariya, ina ga dattijo mai shan maganin hawan jini? Ina kira ga ma'aikatun lafiya na jihohi su sa auna ruwa cikin sharuɗɗan ba da lasisi ga waɗannan wurare.

Naka,
Mai koyar da ninƙaya,
Kaduna