Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Paparoma Leo Na 14

Ranka ya daɗe,

Gaisuwa da fatan alheri. Ni Musulmi ne, ba na cikin mabiyanka, amma maganar wanda ke jagorantar mutum sama da biliyan ɗaya ba a ƙofar coci take tsayawa ba. Dalilin ɗaukar alƙalamina ke nan.

Da aka zaɓe ka ranar 8 ga Mayun 2025, 'yan jarida sun yi ta ɗokin cewa ɗan Amurka ya hau kujerar a karon farko. Ni kuwa Peru na duba. Shekarunka a garuruwanta na Chulucanas da Trujillo, da zamanka na bishop a Chiclayo, sun fi min haihuwarka a Chicago nauyi. Mun ga hotonka sanye da takalmin roba kana ratsa ruwan ambaliya. Mun ji yadda ka tara kuɗin injin samar da iskar oksijin a lokacin korona, sa'ad da masu jinya ke kwana a layi riƙe da tukwanen iska babu komai a ciki. Wanda ya ga haka da idonsa, ba sai an karanta masa rahoton talauci ba.

Ka ɗauki sunan Leo na 13, wanda a 1891 ya tsaya wa leburori kan albashin da zai riƙe iyali da 'yancin kafa ƙungiya. A Oktoban 2025 kuma babbar takardarka ta farko kan ƙaunar talakawa ta yi magana. Madalla.

Roƙona a kan bashin da ake bin ƙasashe matalauta ne. Cocinka ya iya rabon abinci da gina asibiti, kowa ya shaida. Sai dai alƙaluman Majalisar Ɗinkin Duniya sun nuna mutum fiye da biliyan 3 na zaune a ƙasashen da abin da suke biya na kuɗin ruwa ya zarce abin da suke kashewa kan lafiya ko ilimi. Buhun shinkafa nawa zai cike wannan rami? An taɓa gwadawa, kuma an ga amfani. Paparoma John Paul na 2 ya sa baki a gangamin yafe bashi na shekarar 2000, kuma a 2005 Paris Club, ƙungiyar ƙasashe masu ba da bashi, ta yafe wa Najeriya dala biliyan 18. Marigayi Paparoma Francis ya sake ɗaga maganar, rai ya yi halinsa a Afrilun 2025 bai kai ta gaci ba. Yanzu kayan a kanka suke.

Abin da shugabanninmu suka yi da wancan sauƙi, wannan wani zance ne mai ɗaci, kuma su ma kada ka raga musu. Mai ciyo bashi da sunan talaka ya sayi gida a Dubai bai fi mai tatsar kuɗin ruwa tsarki ba.

Sai batun ƙasar haihuwarka. Rufe USAID, hukumar ba da agaji ta Amurka, a 2025 ya taɓa cibiyoyin kula da yara masu tamowa a Borno da Yobe. Ba baƙon wurin nan ba ne kai, ka sha zuwa Najeriya lokacin da kake shugabancin limaman ɗariƙar Augustine, waɗanda suka daɗe suna aiki a Jos da Maiduguri. Mahukuntan Washington ba za su ce ba su fahimci harshenka ba. Ka faɗa musu ƙiri-ƙiri, a bainar jama'a, ka kuma kira sunayen garuruwan.

Huta lafiya.

Naka,
Wani talaka daga Kano