Wasiƙa daga Girinsboro: shirin tafiyar duwatsun Simoki

Girinsboro, Karolina ta Arewa, Amurka
Watan Satumba

Zuwa ga Baba da Inna, unguwar Birni, Damagaram.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kuna lafiya kamar yadda nake a nan. Yaya ƙarshen damina? Auta ya ce geron gonar hanyar Mirriya ya yi kai sosai, Allah ya sa a kai shi rumbu lafiya. Baba, yaya ƙafar? Ina fata ba a daina shan maganin ba don an ji sauƙi.

Dalilin wannan takarda shi ne maganar da na fara yi wa Inna a waya rezo ya yanke, ta kwana da rabin labari. Daga baya Yaya ta kira ni ta ce Inna ta ƙi cin tuwo, wai ɗanta zai shiga daji da ƙafa. Shi ya sa na zauna na rubuta komai dalla-dalla, Auta ya karanta muku a tsanake. A tsakiyar Oktoba, in Allah ya kai mu, zan ɗauki hutun aiki, ni da abokaina biyu mu yi tafiyar ƙafa ta kwana shida a cikin wani gandun daji na gwamnati. A mafi yawan kwanakin nan waya ba za ta shiga ba. Idan kun kira kun ji shiru, duwatsu ne suka tare rezo, ba wani abu ba.

Inna, na san abin da ya faɗo miki a rai. Duk wanda ya ji an ce tafiyar ƙafa a wajenmu, mutanen Kance yake tunawa, mutum 92 ɗin nan da ƙishirwa ta kashe a hamada bayan Arlit a 2013, galibinsu mata da yara. Allah ya jiƙansu. Su talauci ne ya fitar da su, mota ta lalace musu a inda babu rijiya babu alama. Tafiyar da zan yi ba ta kama hanyar wannan ba ko kaɗan. Hanya ce da aka share, aka auna ta, aka shafa farin fenti a jikin itatuwa don kada mutum ya ɓace, kuma ma'aikatan gandun daji suna da sunana da wurin da zan kwana kowane dare a rubuce.

Sunan wurin duwatsun Simoki, a kan iyakar jiharmu da jihar Tenesi, kusan awa biyar a mota daga nan. Gwamnati ta keɓe shi tun 1934, kuma a duk gandayen dajin Amurka babu wanda mutane suka fi zuwa kamarsa: sama da mutum miliyan 12 a shekarar 2024. Sai dai yawancinsu a mota suke zuwa, su tsaya bakin titi su ɗauki hoto su koma. Hanyar da za mu bi wani yanki ne na doguwar hanyar ƙafa ta Apalashiya, wadda ta taso daga jihar Jojiya ta ratsa jihohi 14 har zuwa Maine, kilomita wajen 3,500. Akwai masu bin ta gaba ɗaya cikin wata biyar ko shida. Mu masu aikin albashi sai dai mu yanko abin da hutu zai ɗauka. Namu yankin ya fara daga madatsar ruwa ta Fontana ya ƙare a Davenport Gap, kilomita 115, wato kusan daga Damagaram zuwa Tasawa, amma hawa da gangara.

Baba, na san tambayarku tun kafin ku yi ta: wa zai biya ka? Babu kowa, ni ne ma zan biya. Kuɗin izinin kwana dalar Amurka 8 ne kowane dare, amma ba ya wuce 40 ga mutum ɗaya, sai 15 na ajiye mota na mako. Duka bai kai jaka arba'in ba, kuma ba zai taɓa abin da nake aikowa ƙarshen wata ba. Takalma da jakar goyo na saya tun bara a hannun wani da ya gaji da su. Abin da ya sa nake son zuwa kuwa, ku dubi yadda nake rayuwa a nan: daga ɗaki zuwa mota, daga mota zuwa sito inda fitila ke kunne dare da rana, ba ka sanin hantsi ba ka sanin la'asar sai ka duba agogo. Likita ma ya ce jinina ya fara hawa, in riƙa motsa jiki. Ni da na tashi ina tsalle a kan duwatsun Birni, yanzu bene hawa uku yana sa ni haki.

Ku kuka ba mu labarin kakanmu da ayarin Bilma, kuka ce madugu ba ya tashi sai ya lissafa abu uku: zango, ruwa, da nauyin da raƙumi zai iya ɗauka. To lissafin nan ne muke yi, bambancin kawai a nan mu ne raƙuman.

Zango ba yadda mutum ya ga dama ba ne. A kan wannan hanya ba a yarda ka kafa tanti inda dare ya same ka ba. Akwai rumfunan dutse masu bango uku, gaba a buɗe, da dandamalin katako hawa biyu da ke ɗaukar mutum goma sha biyu galibi. Sai ka kama gurbinka ta intanet, ba a buɗe rajista sai saura kwana 30, kuma ba a kwana biyu a jere a rumfa ɗaya. Da yake Oktoba ne ganye ke rinewa ja da ɗorawa, kowa lokacin yake so, gurabe ba sa daɗewa. Mun yi sammako mun samu duka shida. Daren farko a Mollies Ridge. Ranar za ta yi zafi, don daga bakin madatsar, wadda tsayinta mita 146 ne kuma ta kanta hanyar ta bi, za mu hau kusan mita 900 da jaka cike. Rana ta biyu zuwa Derrick Knob ita ce kowa ke kuka da ita, wai ba nisan ba ne, hawa da sauka ne marasa ƙarewa. Saboda haka rana ta uku muka gajarta ta da gangan. Abokin tafiyarmu ɗan Maraɗi ya so mu matse kwanakin su zama biyar, ni da ɗaya abokin, wani Bazabarme ɗan Doso da ya taɓa bin hanyar, muka ƙi. Shi ɗan Maraɗi ƙwallo yake bugawa duk Lahadi, yana ganin ƙarfi ne zai kai shi. Amma gudun minti casa'in daban, ɗaukar kilo goma sha biyar daga asuba zuwa la'asar daban.

Rana ta huɗu za mu taka Kuwohi, wuri mafi tsawo a duk hanyar Apalashiya, mita 2,025. Abin mamaki, ƙololuwar Bagzan a Abzin mita 2,022 ce, kun ga tsakaninsu taku uku ne. Da ana kiran dutsen da sunan wani Bature, sai a 2024 aka mayar masa da sunan da 'yan asalin ƙasar, mutanen Ceroki, suke kiransa. Su ne aka kora daga ƙasarsu da ƙafa a 1838, dubbai suka mutu a hanya. Waɗanda suka tsira a cikin duwatsun jikokinsu suna nan da garinsu a gindin gandun. Daga Kuwohi sai gangara zuwa Newfound Gap, inda titin mota ya ratsa. Nan wani ɗan'uwa daga masallacinmu zai tarye mu da guzurin sauran kwanakin, kuma nan nake sa ran samun rezo in kira ku. Wanda ƙafarsa ta gaza, nan zai shiga mota ba tare da jin kunya ba. Mun yi wannan alkawari tun yanzu.

Maganar ruwa za ta ba ku dariya. Mu da muka saba jiran famfo har tsakar dare, a saman duwatsun nan ruwan sama yana haura milimita 2,000 a shekara, kusan ninki biyar na abin da Damagaram ke samu. Kusa da kowace rumfa akwai maɓuɓɓuga. Amma komai kyan ruwan a ido ba a sha sai an tace, don akwai ƙwayar cuta da ke sa gudawa ta makonni. Matatar 'yar ƙarama ce, ba ta kai tsawon tafin hannu ba, ana ɗaura ta a bakin gora a matsa. Da dare sai in sa ta cikin buhun barcina, don in ruwan cikinta ya daskare ta fashe ke nan, kuma ba a gani da ido. A kaka wasu maɓuɓɓugan kan ja baya, shi ya sa kafin mu tashi za mu kira ofishin gandun mu ji wacce ke da ruwa. Abin tsoro a can ba ƙishi ba ne, jiƙewa ce: ruwa ya doke ka, iska ta kaɗa, sanyi ya shige ka har ka daina gane abin da kake yi. Don haka ko riga ɗaya ta auduga ba zan saka ba, auduga in ta jiƙe ba ta bushewa. Inna, rigar sanyin da kika aiko tana nan ina sawa a gida, amma wannan tafiya ba tata ba ce.

Sai nauyi, wanda ya fi cinye mini lokaci. Ƙa'idar masu tafiya ita ce kada jaka ta wuce kashi ɗaya cikin biyar na nauyin jikinka. Na baje komai a tsakar ɗaki, na aro ma'aunin kicin na maƙwabciyata, ina ɗora kaya ɗaya-ɗaya ina rubutawa. Butar shayi da 'yan kofuna sun fita, da baƙin cikina. Shayin sai dai a ƙaramar tukunya ɗaya da za mu dafa komai a kan rishon gas. Darduma ta fita, wani yadi mara nauyi ya maye gurbinta. Tocila ta goshi ta shiga, taswirar takarda ta shiga, don batirin waya ba abin dogaro ba ne. Turawa suna sayen busasshen abinci a leda mai tsadar tsiya, na ɗanɗana, ba gishiri ba yaji. Ni garin rogo zan ɗauka da ƙuli-ƙuli da dabino da madarar gari da sukari. Bazabarmen ya gwada garin da ƙuli a tafiyarsa ta baya, ya ce har Turawan rumfa sai da suka tambayi inda ake sayarwa.

Ba zan ɓoye muku maganar dabbobi ba, don Auta zai bincika ya gani. Akwai wata baƙar dabba mai suna beyar, ta fi rago girma nesa, tana hawa itace, kuma gandun yana da su wajen 1,900. Ba mutum take nema ba, abincinsa take bi, hancinta kuwa ba ya kuskure. Shi ya sa a kowace rumfa aka ɗaura igiyoyin ƙarfe tsakanin itatuwa: da magariba kowa ya zuba abincinsa da shararsa da man goge baki da duk abin da ke da ƙamshi a jaka, a maƙala a ƙugiya, a ja ta sama. Ko turaren da nake shafawa ran Juma'a ba zai je ba. Doka ta ce kada a kusance ta ƙasa da mita 45, in an haɗu kada a ruga, a ja da baya a hankali ana magana da ƙarfi. Rumfar da beyar ta saba da ita rufe ta ake yi, a sauya wa mutane zango. Akwai macizai masu dafi iri biyu, amma da sanyin Oktoba a can sama ba su cika fitowa ba.

Na tambayi limaminmu game da salla. Ya ce nisan ya kai na ƙasaru, kuma muna iya haɗa azahar da la'asar, magariba da isha'i. Alƙibla daga nan arewa maso gabas take, ina da kamfas. Alwala da ruwan dutse da asuba ce kawai nake tunani, sai mu ɗan ɗumama a risho.

Abu ɗaya da bai kammala ba shi ne mota. Za mu bar tamu a ƙarshen hanya, mu biya wani direba ya kai mu Fontana, don in mun fito a gajiye mu tarar da ita. Guguwar Helene ta 2024 ta cinye wani ɓangare na babban titin da ke wucewa ta wannan gefen, saboda haka za mu sake duba halin hanyar ana saura mako.

Na ba Yaya lambar ɗan'uwan da zai kawo mana guzuri, da takardar zangunanmu rana bi rana. Idan kwana ɗaya ya wuce bayan ranar fitowarmu ba ku ji ni ba, shi za a kira, shi ya san ofishin da zai sanar. Kafin nan kada kowa ya tayar da hankalin Inna.

Ɗan Kawu zai dawo nan farkon Oktoba. Inna, in da hali a ba shi dakuwa da alkaki da ɗan yajin ƙuli, a ɗaure su da kyau a rubuta abin da ke ciki. Kilishi kam kada a saka ko yanki ɗaya, ba a shigowa da nama ƙasar nan, kwastan za su ƙwace su ci shi tara. Kuɗin wannan wata na tura jiya, Auta ya karɓo ya cire na makarantarsa, a biya mai gyaran soro kafin sauran ya shiga cefane.

Ina neman addu'arku da izininku, Baba. A gaida Gwaggo da Kawu da Yaya da maigidanta da yara, da Malam na ƙofar gida, da duk wanda ya tambaye ni.

Wassalam.
Ɗanku.