Wasiƙa: Yadda 'yan fanshon Amurka ke wuni a motar da ta zama gidansu

Assalamu alaikum Malam Edita,

Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da ma'aikatanka, dan Allah ka ba ni ɗan fili in tofa albarkacin bakina kan bidiyoyin nan da ake ta yawo da su a Facebook da TikTok, na tsofaffin Turawa a Amurka da suka yi ritaya suka sayar da gida suka tare a cikin mota mai ɗaki da kicin da banɗaki, wadda suke kira RV. 'Yan uwa daga gida sun dame ni da turowa, wasu na cewa kai waɗannan sun more duniya, wasu kuma Allah sarki 'ya'yansu sun yar da su. Ni direban tirela ne a jihar Arizona, kuma akwai wani dattijo da muka yi aiki wuri ɗaya, shi da matarsa yanzu rayuwar da suke yi kenan, idan sanyi ya shigo nakan leƙa su. To abin da bidiyon ba ya nunawa shi ne wuninsu kaf lissafi ne, na ruwa da wuta da inda za a zubar da ƙazanta.

Da asuba kafin ya wanke ido abin da yake fara dubawa shi ne batir, kashi nawa ya rage bayan an kwana, don a daji babu wutar gwamnati sai sola da ke kan rufin motar. Idan batir ya yi ƙasa to babu mai kunna komai sai rana ta fito sosai, kofi ma a kan gas ake dafa shi. Daga nan sai ya duba tanki, kuma guda uku ne a ƙarƙashin motar: na ruwan sha, na ruwan wanka da wanke-wanke, da na masai. Wanka kuwa ka jiƙa jiki ka kashe famfo, ka goga sabulu, ka sake buɗewa ka ɗauraye ka fito, minti biyu an gama. Matar tana goge kwano da takarda tukuna kafin ta sa masa ruwa. Na ga wannan da idona na ce ikon Allah, matar da ta yi shekara da shekaru tana da injin wanke kwanuka a gida.

Ranar da tankin masai ya cika ita ce ranar da ba a ɗauka a bidiyo. Dole a naɗe komai a tuƙa motar zuwa wurin juyewa, a shiga layi, wani lokaci layin ya kai awa. Sai kaga mutum ɗan shekara 70 da wani abu ya sa safar hannu ya durƙusa yana ɗaura wani ƙaton tiyo, ya fara buɗe na masai, idan ya tsiyaye sai ya saki ruwan wanka ya wanke tiyon, kuma wallahi idan bai ɗaura da kyau ba ranar sai ya ƙona takalmin nan. Babu ɗan aike, babu yaro, shi ne mai gida shi ne mai kwasa.

Inda suke cin sanyi wani ɗan ƙauye ne a hamadar Arizona, Quartzsite, kan babban titin da ya haɗa Phoenix da Los Angeles. Mutanen garin na asali wajen 2,400 ne kawai, amma a watan Janairu idan aka buɗe kasuwar duwatsu da baje kolin motocin sai ka rantse birni ne, motoci farare iya ganinka. Filin na gwamnatin tarayya ne, hukumar filayen gwamnati, BLM, ke kula da shi. Akwai inda za ka zauna kyauta amma kwana 14 kawai sai ka tashi, akwai kuma inda ake yankar takarda daga 15 ga Satumba zuwa 15 ga Afrilu, kuɗin ya daɗe a dala 180, da famfo da wurin juye ƙazanta da na zubar da shara. Wata bakwai a kuɗin da ba zai kama maka ɗaki na sati ɗaya a birni ba. Abin da ya ba ni mamaki a garin kabarin wani Haji Ali ne, mai kiwon raƙuma da sojan Amurka suka ɗauko daga Gabas ta Tsakiya a 1856 lokacin da suka gwada aiki da raƙuma a hamada, a nan ya rasu a 1902, sun gina masa ɗan dala da raƙumi a samansa. Su Hi Jolly suke ce masa.

Da zafi ya fara, don Quartzsite da rani ba ta zaunuwa, sai kowa ya kama hanyar arewa, Montana, Idaho, Oregon, wajen duwatsu da inuwa, kamar dai yadda makiyayanmu ke bin damina da rani. Amma kada a ɗauka kullum a kan titi suke. Man mota da tsada, babbar motar nan galan ɗaya bai fi ya kai ta mil 8 zuwa 10 ba, shi ya sa da yawa ba sa wuce mil 300 a rana kuma suna so su isa kafin ƙarfe 3 tun da sauran haske. Ranar tafiya matar ce ke riƙe takarda tana karantowa shi yana dubawa, an kulle kabad, an cire wayar wuta, an ɗage matakala, an naɗe rumfa, an sauke eriya, don abu ɗaya ka manta ka ja mota to ka yi asarar dubban daloli. Suna isa kuma sai a hau daidaita motar da katako a ƙarƙashin taya, saboda firjin gas ba ya son karkata.

Da la'asar wajen ƙarfe 4 ne za ka ga daɗin abin. Kowa ya fito da kujerarsa ta naɗewa a yi da'ira, hirar kuma ba ta wuce taya da batir da ciwon gwiwa da jikoki. Wanda famfonsa ya lalace kafin ya rufe baki mutum uku sun tashi ɗauko sifana. Ƙarfe 9 an kashe janareta an kwanta.

Akwai batun adireshi, tunda a Amurka ba ka da lasin ko inshora ko katin zaɓe sai da shi. Yawanci sukan zama 'yan Texas ko Florida ko South Dakota a takarda, jihohin da ba sa karɓar harajin kuɗin shiga. Wata ƙungiyarsu mai suna Escapees da aka kafa a 1978 tana da ofishi a Livingston ta Texas, dubban mutane adireshinsu ɗaya a can, ana tara musu wasiƙu a aika duk inda suke. Asibiti kuma akwai Medicare, inshorar lafiya ta gwamnati, daga shekara 65, sai dai ba ya biyan yawancin aikin haƙori, shi ya sa da sanyi za ka ga tsofaffi sun ajiye mota kusa da garin Yuma na bakin iyaka sun taka da ƙafa sun shiga Los Algodones ta Meziko, ɗan gari ne amma cike da likitocin haƙori da shagunan tabarau.

Kuma Malam Edita ba duka ne masu kuɗi ba fa. Akwai mai motar da ta fi gida tsada, akwai kuma tsohuwar da ke kwana a tsohuwar bas don fanshonta ba zai biya haya ba, kuma su biyun maƙwabta ne a fili ɗaya. Irin na biyun su ne ke wanke banɗaki a sansanonin shaƙatawa don a ba su wurin ajiye mota kyauta, ko su tafi North Dakota a watan Oktoba aikin girbin gwozar sukari, awa 12 a tsaye cikin sanyi. Abin da ya riƙe su duka shi ne kuɗin fansho na faɗowa asusu kowane wata a ranar da aka sa, ba a kiran tsoho ya zo ya yi layin tantancewa.

Maganar 'ya'ya kuwa, wannan dattijon kowace bazara a ƙofar gidan 'yarsa yake ajiye motar ya yi sati da sati, ya yi wasa da jikoki da rana, dare ya yi ya koma gadonsa, su duka sun ce haka ya fi musu zaman lafiya. Ni dai ba zan iya ba gaskiya, ina zan sa jam'i da Juma'a da gaisuwar mutuwa da suna? Amma tausayin da ake musu daga gida bai da wurin zama. Na taɓa tambayarsa idan ido ya daina gani fa, ya ce ai a Livingston ɗin akwai wurin da ƙungiyar ta tanada, ka ajiye motar ka ci gaba da kwana a cikinta, a ba ka abinci a kai ka asibiti, kuma can yake da niyyar zuwa idan lokacin ya yi.

Na gode da wannan dama, Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Naku,
Mai karatu daga Arizona, Amurka