Rahoton Ayyukan Shekara ga Mambobin Ƙungiyar Nazarin Wasan Kwaikwayo

Assalamu alaikum, 'yan uwa mambobi.

Kamar yadda babban taro ya amince, ƙungiya ta keɓe wannan shekara ga wasa guda, wato The School for Scandal na Richard Brinsley Sheridan, wanda aka fara nunawa a gidan wasa na Drury Lane da ke Landan ranar 8 ga Mayu, 1777. An karanta shi da Turanci a zaman mako-mako, ana tattaunawa da Hausa.

Ko da yake wasan ya fi shahara da zambon masu gulma, maganar bashi ce ta cinye mana yawancin lokaci, musamman fitowa ta farko a kashi na huɗu, inda Charles Surface, wanda almubazzaranci ya ƙarar da dukiyarsa, ya yi gwanjon hotunan kakanninsa ga wani da ya ɗauka mai ba da bashi da ruwa ne, alhali baffansa ne Sir Oliver da ya dawo daga Indiya ya ɓad da kama. Charles ya sayar da duka, amma ya ƙi rabuwa da hoton baffan, sannan ya aika wa wani ɗan uwa matalauci fam 100 daga kuɗin, masu binsa bashi kuwa suna jira. Mambobi sun rabu biyu a kan wannan. Wasu na ganin Charles ya fi wansa Joseph, mai Musa a baki Fir'auna a zuci. Kwamiti kuwa yana ganin Sheridan ya yi wa almubazzarin sassauci fiye da kima, domin kyauta da kuɗin mutane ba karamci ba ce.

Laccar shekara ta duba rayuwar marubucin, wanda gidan wasansa na Drury Lane ya ƙone a 1809, ya kuma rasu a 1816 bashi ya yi masa katutu, duk da haka aka binne shi a Westminster Abbey, babbar majami'ar Landan inda ake binne manyan mutanen Birtaniya.

Ba mu cika alkawarin nuna wasan gaba ɗaya ba. Fitowar gwanjon kaɗai aka gwada, ba tare da tufafin zamanin ba, saboda asusu bai kai ba. Ma'aji ya ce abin kunya ne ƙungiyar da ta shekara tana nazarin bashi a ce mambobinta ba su biya kuɗin wata ba. Ana roƙon duk wanda ake bi ya biya kafin babban taro mai zuwa, inda za a zaɓi wasan baɗi.

Sakataren Ƙungiya