Wasiƙa Zuwa Ga Abokan Cinikinmu Kan Filtar Baƙin Mai

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Alhazai da Hajiyoyi iyayen gidanmu, direbobin haya, da 'yan uwanmu kanikawa, muna gaishe ku, muna kuma godiya da cinikin da kuke kawo mana nan Ƙofar Ruwa. Allah Ya bar zumunci. Dalilin wannan wasiƙa magana ce da kullum sai an tayar da ita a bakin kanta, hayaniyar kasuwa kuma ba ta bari a kai ƙarshenta: wace filtar baƙin mai ce ta kirki, kuma ta yaya ake gane ta.

Yawancinku in kun zo sayen kayan juye, abin da kuke cewa shi ne, "A ba ni ta kamfani, ba na son kowace iri." Mai Corolla na nufin mai sunan Toyota a kwali, mai Accord na nufin ta Honda. In muka miƙo Mann ko Mahle, sai a turo mana ita baya, a ce ba a san ta ba. Wani ma sai ya zaga wani layin ya samo mai sunan da yake so a rabin kuɗi, ya tafi hankalinsa kwance. Ba mu ga laifin kowa ba. Inji dukiya ne, wani kuma da motar yake ciyar da iyalinsa, dole ya yi taka-tsantsan. Sai dai sunan da kowa ya amince da shi, shi ne 'yan jabu suka fi bugawa. Ɗan jabu ba ya ɓata tawadarsa a kan sunan da ba wanda ke tambaya. Saboda haka mai neman suna kawai, ba ya duba komai bayan sunan, shi ya fi kowa kusa da faɗawa hannunsu.

Akwai kuma abin da mutane da yawa ba su sani ba: kamfanonin mota ba su ne suke ƙera yawancin filtocinsu ba, ba da aikin suke yi. Ku ɗauki filtar Toyota ta gaskiya ku duba jikin gwangwanin, sau da yawa za ku ga an rubuta Denso, kamfanin Japan da ya fito daga cikin Toyota a 1949 ya tsaya da ƙafarsa. Motocin Jamus irin su Volkswagen da Mercedes, kamfanoni irin su Mann+Hummel da Mahle da Hengst ne suke yi musu. Waɗanda suka yi zamani da Peugeot 504 da 505 na Kaduna sun san Purflux ta Faransa, mai takardar nan da aka naɗe a karkace. Har sunayen ma suna komawa hannu ɗaya: Purolator ta Amurka, wadda ta faro tun 1923, da Wix da ta fito da filta mai murɗawa a 1954, yau duk ƙarƙashin Mann+Hummel suke. Mai Golf da ya ƙi Mann don ba ta da tambarin Volkswagen, mai yiwuwa ya ƙi kamfanin da ya yi wadda motarsa ta fito da ita tun tana sabuwa.

Wannan ba ya nufin kowace filta daga kamfani ɗaya ingancinta ɗaya. Kamfani na iya yin ta tsada da ta araha, kuma kamfanin mota na iya gindaya nasa sharuɗɗan. Abin da muke cewa shi ne, a tambayi wanda ya yi ta da motar da aka yi ta dominta, kafin a tambayi launin kwali.

To me ke cikin gwangwanin nan da ake ta jayayya a kansa? Abu uku ne suke da muhimmanci, kuma ido ba ya ganinsu sosai sai an yanka.

Na farko takardar tacewa. Ita ke kama ɓarɓashin ƙarfe da toka da ƙurar da ke yawo cikin mai. Ana auna wannan datti da maikron. Kaurin gashin kan mutum wajen maikron 70 ne, filta ta kirki kuwa tana kama yawancin dattin da ya kai maikron 20 zuwa 30. Irin wannan ƙanana su ne suke shiga tsakanin mital da kirankshaf, suna cin ringi sannu a hankali. Yawan ninkin takardar shi ne yawan dattin da za ta iya ɗauka kafin ta toshe. A jabu takardar kaɗan ce, ninkinta a warwatse, gam ɗin da ya riƙe ta kuma ba ya jure zafi. In ta yage ko ta rabu da murfinta, mai zai riƙa wucewa ba tare da an tace shi ba, fitilar mai ba za ta kama ba, direba ba zai ji komai ba.

Na biyu robar da ke bayan ramukan shigar mai. Aikinta ta hana mai zurarewa ya koma ƙasa idan an kashe mota. Idan ta taurare ko ba ta zauna daidai ba, da safe sai inji ya juya a bushe na wasu daƙiƙoƙi kafin mai ya hau. Ƙarar nan ta kar-kar-kar da wasunku ke ji a tashin farko, ta ɓace bayan ɗan lokaci, sau da yawa daga nan take. Ana yin robar da baƙar roba ta gama-gari ko da silikon, wanda ya fi jure zafi, kuma galibi ja ne ko ruwan lemo. Amma kada launi ya ruɗe ku, rina roba ba wuya gare shi ba.

Na uku bawul ɗin kewaye, mai sifirin. Idan takarda ta toshe, ko mai ya yi kauri da sanyin asuba, shi ke buɗewa mai ya kewaye takardar ya isa inji, domin mai datti ya fi babu. Kowane inji da ƙarfin da ake so bawul ɗin ya buɗe. Sifirin ya yi laushi, kullum a buɗe yake, filtar ta zama ado. Ya yi tauri ko babu shi gaba ɗaya, ranar da takarda ta toshe inji zai rasa mai, daga nan kuwa sai sauke inji.

Shi ya sa muke jin tausayi idan muka ga mutum ya ɗora filta a tafin hannu yana auna nauyi, ya ce wannan ta fi. Nauyi kaurin ƙarfe kawai yake nunawa. Haka sitika mai ƙyalli, haka ledar da aka rufe baki da ita; duk ana buga su. Maganar ƙasa ma haka take. "Ta Thailand ce, ba ta Japan ba" ba aibi ba ne, domin filtocin Toyota na gaskiya da yawa a Thailand ake yin su. China kuma akwai masana'antun manyan kamfanonin duniya a cikinta, akwai na bayan gida. Rubutun ƙasa shi kaɗai ba ya wanke filta, ba ya kuma kayar da ita.

Mun san amsar da za a ba mu, domin muna jin ta: "Shekara nawa ina sa irin wannan, ba ta taɓa ba ni matsala ba." Gaskiya ne, ba a ga matsalar ba. Filta mara kyau ba ta kashe inji ran da aka ɗaura ta. A hankali take ci, sai bayan shekara biyu ko uku mota ta fara hayaƙi da shan mai, a ce ai tsufa ne, ko a ɗora wa baƙin man laifi, ko bakanike. Haka kuma wanda ya sa mai babban suna ya ce ya ji inji ya yi laushi, sabon man da aka zuba ne ya ji. Kunne ba ya bambance filta da filta a ranar juye. Wannan ne ya sa suna ya samu irin ƙarfin da ya samu, tunda babu wani abin da mai mota zai kama da hannunsa.

Gare ku 'yan uwa kanikawa, akwai wata magana da ta fi ta suna nauyi, wato dacewa. Filta ta hau ba yana nufin ta dace ba. Yawancin Toyota masu filtar murɗawa zarensu na inci ne, 3/4-16, Honda da Nissan da yawa kuwa na milimita ne, M20. Sun yi kusa da juna ƙwarai, har ta Honda na iya hawa kan Toyota a ji kamar ta ɗaure, alhali zaren bai kama sosai ba, tana iya saki a kan hanya man ya tsiyaye. Ko ta gaskiya ce, in ba ta motar ba ce, ɓarna za ta yi. Motocin da ake sauya takarda kawai a cikin murfi, kamar wasu Camry masu inji 2.5 da wasu Corolla na wajen 2009 zuwa sama, don Allah a riƙa sauya robar murfin da ke zuwa cikin kwalin, kada a mayar da tsohuwa. A kuma tabbata tsohuwar robar filta ba ta maƙale a jikin inji ba kafin a ɗaura sabuwa, a shafa wa sabuwar ɗan mai, a ɗaure da hannu.

Ga abin da muka tsayar a shagonmu daga yanzu. Mun yanka filtoci iri-iri mun jera a kan kanta, har da jabu, kowa ya ɗauka ya ƙirga ninkin takarda, ya taɓa roba, ya danna sifirin. Duk wadda muka sayar muku za mu faɗi kamfanin da ya yi ta, mu rubuta sunanta da lambarta a rasit. Ta kamfanin mota muna da ita ga mai so, daga hannun dilolin da muka sani, kuma kuɗinta ba zai zo daidai da wanda kuke ji a wasu wurare ba. In kun ga tazarar ta yi yawa, ku tambayi kanku dalili. Muna da na kamfanonin filta da muka ambata a sama. Muna kuma da masu sauƙin kuɗi waɗanda suke ɗauke da sunan kansu, domin mun san halin da ake ciki, ba kowa ne zai iya sayen ta sama ba, musamman mai haya da ke juye a kai a kai. Irin waɗannan sai mun yanka mun gani kafin mu ajiye, kuma za mu gaya muku kada a ja su da nisa. Abin da ba za mu sayar ba shi ne mai sunan wani a jikinta alhali ba shi ya yi ta ba, ko da mai saye ya ce ya sani kuma ya yarda. Gobe wani zai sayi motar, ko bakanike ya ɗaura wa wanda bai sani ba, haƙƙin kuma har da mu.

Shawararmu ga mai amfani da baƙin mai na gama-gari a hanyoyinmu masu ƙura da cunkoso ita ce juye a kilomita 5,000, tare da sauya filta kowane juye. Tunda hunturu na kawo hazo, ku riƙa duba filtar iska ma, domin yawancin ƙurar da ke shiga mai ta can take bi.

In za ku zo, ku taho da lambar shasi ko tsohuwar filtar da aka cire. Idan kuna so, za mu yanka muku tsohuwar a gabanku, ba a biyan ko sisi, ko ba a wurinmu kuka saye ta ba.

Allah Ya tsare hanya, Ya sa albarka a nema.

Naku,
Mai shago da yaran shago,
Ƙofar Ruwa, Kano.